Kumburi da Sauyin Launin Fatar Ido a Matsayin Alamar Ƙarin Sankarar Jini ga Yara

Tsakure

Kumburin fatar ido abu ne da iyaye suka saba gani a jikin yara, kuma galibi hazbiya ce ko cizon ƙwaro ko ciwon ido da kan wuce cikin ’yan kwanaki. Sai dai akwai wani kumburi da ba a cika cin karo da shi ba, wanda tushensa yana cikin ɓargo. Wannan muƙala ta nazarci ƙarin da likitoci ke kira kuloroma ko miyeloyid sakoma, wato curin ƙwayoyin sankarar jini da kan taru a kwarmin idon yaro. An bi tarihin gano shi, da yadda yake kumbura fatar ido ya sauya mata launi, da cututtukan da ke kama da shi, da hanyoyin tabbatar da shi da magance shi. Muƙalar ta gano cewa ƙarin kan riga sauran alamomin cutar bayyana, cewa gwajin jini na farko yana iya fitowa lafiya lau alhali cutar tana nan, kuma cewa launin da littattafan likitanci suka siffanta ba ya fitowa sarai a baƙar fata.

Fitilun Kalmomi: sankarar jini, fatar ido, kwarmin ido, kuloroma, ɓargo, yara

1.0 Gabatarwa

Bahaushe kan ce, labarin zuciya a tambayi fuska. A fagen kiwon lafiya ma maganar tana nan daram, domin cututtuka da yawa da ke ɓoye a cikin jiki a fuska suke fara tona kansu. Ciwon ƙoda kan kumbura fuskar yaro da safe, shawara kan mayar da farin ido ruwan ɗorawa, ƙarancin jini kuwa kan kodar da cikin fatar ido. Sankarar jini, wadda likitoci ke kira lukimiya, ita ma tana cikin wannan sahu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin 400,000 ’yan ƙasa da shekara 20 ne ke kamuwa da ciwon daji a kowace shekara. A ƙasashe masu ƙarfin arziki sama da kashi 80 cikin 100 na waɗannan yara suna warkewa, amma a yawancin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi waɗanda ke warkewa ba su kai kashi 30 ba. Jinkirin gano cutar yana cikin manyan dalilan wannan tazara. Manufar muƙalar ita ce ta fayyace alama guda ɗaya da ake iya gani da ido, ba tare da na’ura ba, wadda idan aka fahimce ta za ta rage wannan jinkiri. Bayanan da aka yi amfani da su an tsamo su ne daga rubuce-rubucen masana ilimin ido da na jini, aka daidaita su da yanayin da yaro ke tashi a ƙasar Hausa.

2.0 Sankarar Jini da Yadda Take Haifar da Ƙari

Ɓargo shi ne masana’antar jini. A cikinsa ake samar da jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska zuwa sassan jiki, da fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta, da ƙananan ƙwayoyin da ke daskarar da jini idan an ji rauni. Sankarar jini tana farawa ne lokacin da wata farar ƙwaya da ba ta gama nuna ba ta sami tangarɗa a ƙwayoyin halittarta, ta daina girma, ta shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. Waɗannan ɗanyun ƙwayoyi sukan cika ɓargo su hana shi aikinsa. Daga nan ne alamomin cutar ke fitowa: kodewa da kasala saboda ƙarancin jajayen ƙwayoyi, zazzaɓi mai yawan dawowa saboda raunin garkuwar jiki, haɓo da zubar jini daga dasashi saboda ƙarancin ƙwayoyin daskarar da jini.

Sankarar jini ita ce ciwon dajin da aka fi samu ga yara a duniya, kusan kashi ɗaya cikin uku na dukkan ciwon dajin ƙuruciya. Nau’inta biyu ne suka fi shahara. Na farko shi ne na zuriyar limfoyid, wanda ake taƙaitawa da ALL, kuma shi ya kwashe kusan kashi uku cikin huɗu. Na biyu shi ne na zuriyar miyeloyid, wato AML, wanda bai kai na farko yawa ba amma ya fi shi wuyar magani. A wannan nau’i na biyu ne ɗanyun ƙwayoyin kan fita daga ɓargo su dunƙule wuri guda su zama ƙari mai tauri. Ƙarin yana iya fitowa a fata, ko dasashi, ko ƙashin baya, ko kaluluwa. Ga yara dai, kwarmin ido yana cikin wuraren da ya fi zaɓa.

2.1 Taƙaitaccen Tarihin Gano Ƙarin

Allan Burns, masanin tiyata a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotland, shi ne ya fara siffanta wannan ƙari a shekarar 1811, kuma abin lura shi ne a kwarmin ido ya gan shi. A 1853 wani likita mai suna King ya raɗa masa suna kuloroma, daga kalmar Girkanci mai ma’anar kore, domin idan aka tsaga ƙarin cikinsa kore ne. George Dock na Amurka ne ya danganta shi da sankarar jini a 1893. Daga baya aka gano cewa koren ya samo asali ne daga wani sinadari da ke cikin ƙwayoyin miyeloyid mai suna miyeloferoksides. A 1966 Henry Rappaport ya ba da shawarar a sauya sunan, ganin cewa ba kowane irin wannan ƙari ne kore ba. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran sa miyeloyid sakoma.

Wannan tarihi yana ɗauke da gargaɗi ga mai nazari. Koren da ake magana a kai na cikin ƙarin ne bayan an tsaga shi, kuma yakan dushe idan ya sha iska. Wanda ya zauna jiran fatar idon yaro ta koma kore kafin ya yi zargin cutar, zai makara.

A 1975 Zimmerman da Font suka wallafa nazarin majinyata 33 masu wannan ƙari a ido, mafi yawansu yara, inda suka nuna cewa ga galibinsu alamar ido ce ta fara bayyana kafin a gano sankarar jinin. A shekarun 1970 da 1980, Farfesa Ayhan Cavdar da abokan aikinta a Jami’ar Ankara suka ba da rahoton yawaitarsa ga yaran Turkiyya. A Nijeriya ma, nazarin da Williams da abokan aikinsa suka wallafa a 1982 daga Asibitin Koyarwa na Jami’ar Ibadan ya nuna yadda kuloroma ke rakiyar AML ga yara. Ke nan ba baƙuwar cuta ba ce a wannan yanki.

3.0 Dalilin da Ya Sa Ido Ke Fara Nunawa

Kwarmin ido rami ne da ƙasusuwa bakwai suka kewaye, kuma faɗinsa ga baligi bai wuce mililita 30 ba. Ƙwayar ido da jijiyoyi da tsokoki da kitse sun riga sun cika shi. Ƙofarsa guda ce, wato ta gaba. Saboda haka duk abin da ya tsiro a ciki ba shi da wurin zuwa sai ya turo ƙwayar ido waje, ya kuma danno fatar ido. Ƙari mai wannan girma da a ciki ya fito, zai iya yin watanni ba wanda ya sani.

Dalili na biyu shi ne ɓargon yaro. Ga baligi, aikin samar da jini ya taƙaita ga wasu ƙasusuwa kamar na ƙugu da ƙirji da baya. Ga yaro kuwa kusan dukkan ƙasusuwansa suna wannan aiki, har da na ƙoƙon kai da ke kewaye da ido. Masana suna ganin cewa ɗanyun ƙwayoyin kan biyo ƙananan kafofin da ke cikin ƙashi su fito su taru ƙarƙashin tantanin da ya lulluɓe shi. Wannan ne ya sa ƙarin ya fi zama a gefen waje da saman kwarmin ido. Dalili na uku kuwa, fatar ido ita ce fata mafi sirantaka a jikin ɗan Adam, kaurinta bai kai milimita ɗaya ba, don haka ba ta iya ɓoye ruwa ko jinin da ya kwanta ƙarƙashinta.

3.1 Siffofin Kumburin

Kumburin kan taso cikin ’yan kwanaki ko makonni, yana ƙaruwa ba ya raguwa. Idan aka taɓa a hankali akan ji tauri, wani lokaci har a ji curi ƙarƙashin gira. Sau da yawa ba ya ciwo, ba ya zafi a hannu, kuma ba ya fitar da kwantsa kamar ciwon ido na afolo. Fatar ido ta sama kan yi nauyi ta rufe rabin idon. Ƙwayar idon kan turo waje ko ta karkace ƙasa, yaron ya riƙa ganin abu ɗaya biyu, ko ya riƙa karkatar da kai idan zai duba abu. Ƙarin yana iya kama ido ɗaya, yana kuma iya kama duka biyun, kuma kama ido biyu a lokaci guda yana ƙara ƙarfin zargi.

3.2 Sauyin Launi

Abubuwa uku ne ke sauya launin fatar idon. Na farko, kwanciyar jini. Adadin ƙwayoyin daskarar da jini ga mai lafiya yana tsakanin 150,000 da 450,000 a kowace maikurolita. Idan suka faɗi ƙasa da 20,000, jini yana iya tsattsafowa ƙarƙashin fata ba tare da duka ko faɗuwa ba, wani lokaci tari mai ƙarfi ko amai ya isa. Na biyu, ƙarin kan matse jijiyoyin da ke mayar da jini daga ido, jinin ya taru fatar ta yi duhu. Na uku, ƙwayoyin sankarar da kansu kan kutsa cikin fatar.

A nan ne ake samun giɓi tsakanin littafi da majinyaci. Yawancin littattafan koyon likitanci da farar fata suka siffanta wannan alama, inda jinin da ya kwanta kan fito ja, ya koma shuɗi, daga baya ya yi ruwan ɗorawa. A baƙar fata ba haka yake fitowa ba. Abin da ake gani shi ne fatar ta fi ta ɗaya idon duhu, ta yi ruwan hanta ko ruwan makuba, tana sheƙi saboda miƙewa. Idan yaron yana sha kwalli, kwallin kan ƙara rufe bambancin. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a wanke fuskar, a fito da yaron hasken rana, a gwada ido da ido. Sannan a ja fatar ido ta ƙasa a duba cikinta, a duba tafin hannu da dasashi da harshe, domin a waɗannan wurare kodewa da ɗige-ɗigen jini ba sa ɓuya ko yaya launin fatar mutum yake.

4.0 Cututtukan da Ke Kama da Shi

Wajibi ne a jaddada cewa mafi yawan kumburin fatar ido ga yara ba ciwon daji ba ne. Hazbiya ƙaramin ƙurji ne a bakin fatar ido, mai ciwo, kuma takan fashe ta warke cikin mako guda. Cizon ƙwaro da borin jini suna zuwa da ƙaiƙayi, su sace cikin kwana ɗaya ko biyu. Ciwon ƙoda da tamowa suna kumbura ido biyu da taushi, tare da ƙafafu, ba tare da kwanciyar jini ba.

Waɗanda suka fi rikitarwa su ne masu haɗari. Ƙwayoyin cuta da suka shiga kwarmin ido daga kogon hanci kan kawo kumburi mai zafi da ciwo da zazzaɓi, kuma da wannan ne aka fi rikita kuloroma, har a shafe makonni ana ba yaro maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ga mai sikila, toshewar jini a ƙasusuwan kwarmin ido kan kawo kumburi farat ɗaya mai tsananin ciwo. Sankarar niyurobilastoma, wadda galibi daga ciki take tasowa ga ’yan ƙasa da shekara biyar, takan bazu zuwa ƙasusuwan ido ta yi wa idanu biyu baƙin zobe. Rabdomayosakoma ƙari ne na tsoka mai saurin girma da kan kama ido ɗaya. Limfomar Burkitt, wadda Denis Burkitt ya siffanta a Yuganda a 1958, kuma take da alaƙa da yankunan zazzaɓin cizon sauro, takan kama muƙamuƙi da kwarmin ido. Retinobilastoma kuwa da farin ɗigo a tsakiyar ido take farawa, sai ta yi nisa take turo idon waje.

Akwai kuma ɓangaren zamantakewa. Baƙin zobe a idon yaro kan sa a zargi kishiya ko malami ko abokin wasa da duka. Ya kamata a binciki zargin duka idan ya taso, amma a haɗa da gwajin jini, musamman idan yaron ya kode ko yana da irin wannan tabo a wasu sassan jiki.

5.0 Hanyoyin Tabbatarwa

Mataki na farko shi ne ƙidayar ƙwayoyin jini, tare da shafa ɗigon jini a gilashi a duba shi da madubin likita. Ƙwararren ma’aikaci yana iya ganin ɗanyun ƙwayoyin, wani lokaci da wasu siraran sanduna a cikinsu da ake kira sandunan Auer, waɗanda ke nuna zuriyar miyeloyid. Wannan gwaji ba shi da tsada idan aka kwatanta da sauran, kuma manyan asibitoci da yawa suna yin sa.

Sai dai fitowar jini lafiya ba ta wanke yaro. Ƙarin yana iya riga cutar bayyana a jini da ɓargo da makonni ko watanni. Saboda haka idan kumburin yana nan, sai a wuce zuwa hoton CT ko MRI, wanda kan nuna curi da ya bi siffar ƙashi ba tare da ya cinye shi sosai ba. Sannan a zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugu. Ƙa’idar da aka saba da ita ita ce ɗanyun ƙwayoyi su kai kashi 20 cikin 100 kafin a ce AML ce, amma samun miyeloyid sakoma kaɗai ya isa a ɗauki majinyaci a matsayin mai cutar. Idan jini da ɓargo ba su nuna komai ba, akan yanko ɗan ƙaramin yanki na ƙarin a yi masa rini na musamman da ke gano miyeloferoksides. Idan ba a yi wannan rini ba, abu ne mai sauƙi a ɗauke shi a matsayin limfoma, a ba da maganin da ba nasa ba. Inda akwai kayan aiki akan duba ƙwayoyin gado, domin ƙarin ido ga yara yana yawan zuwa tare da musayar yanki tsakanin kuromosom na 8 da na 21.

6.0 Magani da Makoma

Tunda tushen cutar a ɓargo yake, yanke ƙarin ba ya warkar da ita. Yaran da aka yi wa tiyata ko gashi kaɗai, galibinsu sankarar kan bayyana a jininsu cikin watanni. Maganin shi ne na AML gaba ɗayansa, wato zagaye-zagayen magungunan kashe ƙwayoyin daji irin su cytarabine da daunorubicin, tare da ƙarin jini da kariya daga ƙwayoyin cuta. Ƙarin idon kan narke da wannan magani. Gashi da dashen ɓargo na waɗanda cutarsu ta ƙi jin magani ne ko ta dawo.

A ƙasashe masu ingantattun asibitoci, kimanin kashi 65 zuwa 70 cikin 100 na yara masu AML suna rayuwa shekara biyar bayan gano cutar. Wani nazari na ƙungiyar masu binciken ciwon dajin yara ta Amurka da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa yaran da ƙarinsu a kwarmin ido yake sun fi sauran samun sauƙi. Wannan ya nuna cewa fitowar ido, duk da munin ganinta, ba hukuncin mutuwa ba ce.

7.0 Sakamakon Nazari da Shawarwari

Muƙalar ta fito da abubuwa uku. Ido yana iya riga jini nuna cutar. Launin da ake nema a baƙar fata duhu ne da sheƙi. Sannan abin da aka yi wa yaro kafin ya isa asibiti yana iya ƙara masa haɗari.

Wannan batu na uku yana buƙatar bayani. A ƙasar Hausa, kumburi kan fara biyawa ta kemis ko wurin wanzami. Tsaga ko ƙaho a jikin yaron da jininsa ba ya daskarewa yana iya jawo zubar jinin da ba za a iya tsayarwa a gida ba. Asfirin da ibuprofen suna ƙara wannan matsala. Magungunan sitiroyid irin su dexamethasone da prednisolone kuwa suna iya rage kumburin na ɗan lokaci, su rikita sakamakon gwaji, iyaye su ɗauka an warke. Ɗiga ruwan tsimi ko nono a idon da ya turo waje yana iya gyambace shi.

Bisa wannan, ana ba da shawarar a gaggauta tura yaro babban asibiti idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: kumburin fatar ido mai tauri da ya wuce mako guda yana ƙaruwa, kumburin da bai sauka ba bayan kwana biyu ko uku ana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, duhun fatar ido ba tare da rauni ba, ƙwayar ido da ta turo ko ta karkace, ko kumburin da ya haɗu da kodewa, haɓo, ciwon ƙashi, kumburin dasashi ko na saifa. Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, suna cikin wuraren da ake samun likitocin ido. Kafin a isa, idan fatar ba ta iya rufe idon, a lulluɓe shi da tsaftataccen ƙyalle don kada ya bushe. Ana kuma ba da shawarar makarantun koyon aikin lafiya su riƙa koyar da wannan alama da hotunan yara baƙar fata.

8.0 Kammalawa

A shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin da ke fatan kai adadin yaran da ke tsira daga ciwon daji zuwa aƙalla kashi 60 cikin 100 nan da 2030. Cimma wannan buri yana buƙatar magunguna da na’urori da kuɗi, amma yana farawa ne daga mutumin da ya fara duba fuskar yaron, wato uwa, ko malamin makaranta, ko ma’aikacin ƙaramin asibitin ƙauye. Muƙalar ta nuna cewa kuloroma ta kwarmin ido cuta ce da aka sani fiye da shekara 200, wadda ake iya zarginta da ido, a tabbatar da ita da gwaji, a kuma magance ta. Yaron da aka kawo cikin makon farko ko na biyu yana da damar tsira da ransa da ganinsa fiye da wanda aka yi wata uku ana yi wa maganin hazbiya.